Yadda ake gane tsuntsayen tsakar gida, da yadda ake zaɓar littafin da zai taimaka

Yawancin waɗanda suka fara sha'awar sanin tsuntsaye sukan fara ne daga inda ya kamata su ƙare. Da zarar wani tsuntsu ya sauka a kan katanga, sai su duƙufa a kan littafi ko waya suna neman hoton da launinsa ya yi kama da nasa, kafin su ɗago kai kuwa tsuntsun ya yi gaba, ba su riƙe komai game da shi ba sai cewa ƙarami ne kuma ruwan ƙasa. Littafi ba ya tashi, tsuntsu ne yake tashi, saboda haka duk daƙiƙar da yake gabanka ta kallo ce, bincike kuwa sai bayan ya tafi. Wannan ita ce ƙa'idar da dukkan matakan da za su biyo baya suka dogara a kanta.

Masana sun ƙidaya kimanin nau'in tsuntsaye 11,000 a duniya, adadin da zai iya kashe wa sabon ɗalibi jiki. Amma waɗanda ke zuwa gida ɗaya a kai a kai ba su cika wuce 'yan gomomi ba, kuma daga cikinsu kaɗan ne za ka riƙa gani kullum. Aikinka na farko shi ne ka san waɗannan 'yan kaɗan ɗin sani na haƙiƙa, domin da su ne za ka auna kowane baƙo.

Wuri da lokaci

Ka zaɓi wuri ɗaya da za ka riƙa zama, inda kake ganin bishiya ko shinge, da ɗan fili a ƙasa, da wani yanki na sama. Ka zauna yadda rana za ta kasance a bayanka, domin idan tana gabanka kowane tsuntsu baƙi zai zame maka. Sa'o'i biyu na farko bayan fitowar rana su ne mafi albarka, saboda tsuntsaye sun kwana da yunwa kuma a lokacin ne suka fi kuka; sai kuma yamma kafin faɗuwar rana. Minti goma sha biyar a kowace rana a wuri ɗaya sun fi yini guda sau ɗaya a wata amfani nesa ba kusa ba. Motsi na gaggawa ya fi launin tufafi korar tsuntsu, don haka kada ka nuna da hannu, kada kuma ka miƙe zumbur.

Girma da siffa kafin launi

Ido ba ya auna santimita, musamman daga nesa, amma yana iya kwatantawa. Ka ɗauki tsuntsaye uku da ka riga ka sani su zame maka ma'auni: gwara, wanda tsawonsa kimanin santimita 15 ne, da kurciya, wadda ƙananan nau'inta ke kai kimanin 25, da hankaka, wanda ke kusan 50. Duk baƙon da ya zo, tambayar farko ita ce ko ya fi gwara ko bai kai shi ba, ko yana tsakanin gwara da kurciya, ko tsakanin kurciya da hankaka. Amsar wannan tambaya kaɗai takan kawar da fiye da rabin shafukan littafi. Sai dai ka lura cewa tsuntsu yakan kumbura gashinsa idan yana jin sanyi, ya yi ƙato, yakan kuma lafe shi idan ya tsorata, ya zama siriri.

Bayan girma sai baki, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin baki shi ne abin da ya fi komai faɗin dangin tsuntsu. Gajeren baki mai kauri a gindi, mai tsini a gaba, na masu fasa tsaba ne, irin gwara da kanari da tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa su rataye ta a reshe. Siririn baki madaidaici na masu tsintar ƙwari ne a ganye da rassa. Baki mai faɗi a gindi, wanda wani lokaci ake ganin 'yan gashi kamar gashin baki a gefensa, na masu cafke ƙwari ne a iska. Dogon baki siriri mai lanƙwasa zuwa ƙasa na masu shan ruwan fure ne ko masu tonon ƙasa, irin alhudahuda. Baki mai ƙugiya na masu yagar nama ne, irin shaho da shirwa da mujiya, ko da yake aku ma yana da ƙugiya, tasa kuwa ta fasa ƙwallon 'ya'yan itace ce. Hanya mafi sauƙi ta auna baki ita ce a kwatanta shi da kan tsuntsun kansa: ko ya kai rabin tsawon kai, ko ya yi daidai da shi, ko ya fi shi.

Sannan ka dubi wutsiya, ka ga ko doguwa ce ko gajera idan aka kwatanta da jiki, ko ƙarshenta a yanke yake, ko zagaye, ko tsini, ko kuwa ta rabu biyu. Shirwa da ke shawagi can sama ana gane ta da wutsiyarta mai ɗan rabuwa wadda take karkatawa tana juya akalar tashinta, tun kafin a ga launin komai a jikinta. Ka dubi tsawon ƙafa da wuya, ka dubi ko akwai tukku a ka, ka kuma lura da yadda tsuntsun yake tsayuwa, a miƙe ko a kwance da ƙirjinsa ƙasa.

Abin da tsuntsun yake yi

Kamar yadda mutum yake gane ɗan'uwansa daga nesa ta tafiyarsa tun bai ga fuskarsa ba, haka wanda ya saba yake gane tsuntsu ta ɗabi'arsa. Ɗabi'a ba ta canzawa da haske, ba ta kuma canzawa da yawa tsakanin namiji da mace, shi ya sa ta fi launi aminci.

Ka ajiye faranti mai ruwa ka zuba ido. Gwara zai zo da tsalle-tsalle, ƙafafunsa biyu a tare, ya tsoma baki, ya ɗebi ruwa, ya ɗaga kai sama don ruwan ya gangara, ya sake tsomawa. Kurciya kuwa takawa za ta yi, ƙafa bayan ƙafa, kanta yana gaba yana baya, idan ta iso sai ta nutsa bakinta ta yi ta zuƙa ba tare da ta ɗago ba har sai ta ƙoshi. Wannan zuƙar ta dangin kurciya da tattabara ce, kuma tsuntsayen da ke iya ta ba su da yawa. Wanda ya taɓa lura da wannan bambanci sau ɗaya ya fahimci irin kallon da ake nufi.

Akwai tsuntsun da zai zauna a busasshen reshe a fili, ya zabura ya cafke ƙwaro a iska, ya dawo daidai inda ya tashi. Wannan ɗabi'a kaɗai ta taƙaita bincikenka zuwa dangi biyu ko uku. Akwai wanda ke hawa jikin itace a miƙe yana dogara da wutsiyarsa yana ƙwanƙwasa ɓawo. Akwai wanda ke gudu a ƙasa yana kaɗa doguwar wutsiya sama da ƙasa ba hutawa. Akwai wanda ba ya fitowa daga cikin duhuwar shinge sai dai ka ji muryarsa. Tashi ma yana da salo: kurciya tana tafiya kai tsaye da sauri, ƙananan masu cin tsaba suna tashi suna faɗawa kamar igiyar ruwa saboda sukan kaɗa fiffike su rufe shi, balbela kuwa tana naɗe wuyanta idan tana tashi, alhali shamuwa miƙe nata take yi.

Tsuntsayen da ake kira tsattsewa misali ne mai kyau, domin dangi biyu ne da ba su da alaƙa ta kusa, neman ƙwari a iska ne kawai ya sa siffarsu ta zo ɗaya. Dangi ɗaya suna sauka a kan wayar lantarki su jeru, tashinsu yana da laushi, sukan kuma ɗan naɗe fiffike. Ɗaya dangin fukafukansu dogaye ne sirara masu lanƙwasa kamar lauje, ƙafafunsu gajeru ne ƙwarai har ba sa iya zama a kan waya ko reshe yadda sauran tsuntsaye suke yi, sai dai su maƙale a bango ko ƙarƙashin rufi. Idan ka ga tsattsewa a zaune a kan waya, ka riga ka san a wane sashe na littafi za ka neme ta.

Sai a zo ga launi

Launi yana da amfani idan aka dube shi a tsare, wato daga kai zuwa wutsiya, ana neman alamomi maimakon launin jiki gaba ɗaya. A kai, ka duba ko akwai farin layi a saman ido kamar gira, ko baƙin layi da ya ratsa ta cikin ido, ko zobe a kewayen ido, ko saman kan ya bambanta da kumatu. Ka duba maƙogwaro da ƙirji, ko a fili suke, ko da ɗigo-ɗigo, ko da zane a tsaye, ko da zane a kwance. A fiffike ka duba ko akwai farin layi ɗaya ko biyu. Idan ya tashi, ka kafa ido a gindin wutsiya da gefunanta, domin tsuntsaye da yawa suna ɓoye fari ko ja a nan wanda ba ya bayyana sai a tashi. Launin baki da na ƙafa da na ƙwayar ido ma alamu ne: balbela bakinta rawaya ne, amma akwai wani farin tsuntsu ɗan'uwanta mai kama da ita wanda bakinsa baƙi ne, ƙafafunsa baƙaƙe, yatsunsa rawaya.

Dalilin da ya sa aka jinkirta launi shi ne yawan yaudararsa. Nau'i ɗaya yana iya zuwa maka da kamanni huɗu: na namiji, na mace, na ƙaramin da bai balaga ba, da na lokacin da ba a hayayyafa. A nau'in gwaran da masana ke kira Passer domesticus, wanda aka kai birnin New York a farkon shekarun 1850 kuma yanzu ya bazu a yawancin nahiyoyi, namiji yana da baƙin maƙogwaro da saman kai ruwan toka, mace kuwa ruwan ƙasa ce da ɗan layi mai haske a saman ido. Amma a nau'in Passer griseus na Afirka namiji da mace kamanninsu ɗaya. Mazan tsuntsaye masu saƙa sheƙa da yawa sukan yi ado da rawaya da baƙi, wasu da ja, a lokacin hayayyafa, idan ya wuce sai su zubar da gashin su koma kamar matansu, har mutum ya ɗauka sun ƙaura alhali suna nan gabansa. Ga kuma tsuntsaye masu ƙyalli, waɗanda shuɗi da koren jikinsu ya samo asali ne daga yadda haske ke karyewa a tsarin gashin, don haka a inuwa baƙi wuluk za ka gan su. Garin fure yakan rina goshin tsuntsu ya zama rawaya, jar ƙasa takan rina farin ciki, wani lokaci kuma akan haifi tsuntsu da fararen gashi a inda bai kamata ba. Idan siffa da ɗabi'a sun ce gwara ne, launi kuma ya ce wani abu dabam, ka gaskata siffa da ɗabi'a.

Murya

A gidan da ke da bishiyoyi masu ganye, tsuntsayen da za ka ji sun fi waɗanda za ka gani. Masana sun raba muryar tsuntsu gida biyu: waƙa, wadda takan fi tsawo kuma a yawancin nau'i namiji ne ya fi yin ta don kare yankinsa da neman mace, da kuma kira, wato gajeren sauti na gargaɗi ko na sanar da 'yan'uwa inda ake. Hanyar koyo da ta fi zama a kai ita ce ka bi sautin har ka ga bakin da yake fitowa yana motsi. Sannan ka rubuta shi yadda kunnenka ya ji, ka ƙirga gaɓoɓinsa, ka lura ko yana hawa ko yana sauka, ko fito ne ko gurnani ko ƙara. Kada ka damu idan abin da ka rubuta bai yi daidai da na littafi ba, domin marubucin ma da kunnen harshensa ya rubuta. Taskar xeno-canto, wadda aka buɗe a intanet a 2005, tana ɗauke da muryoyin da mutane suka naɗa daga ko'ina a duniya, kuma ana sauraro kyauta. Amma ka saurara a ɗaki ko da abin sawa a kunne. Kunna waƙar tsuntsu a fili don a jawo shi yana sa namiji ya bar sheƙa ya fito neman abokin faɗan da babu shi.

Rubutu da madubin hangen nesa

Ka riƙe ƙaramin littafin rubutu, ka rubuta abin da ka gani kafin ka buɗe littafin tsuntsaye. Wannan jerin yana da muhimmanci, domin da zarar ka ga hoto, ƙwaƙwalwa takan gyara abin da ta tuna ya dace da hoton, sai ka rantse ka ga farin layin da ba ka gani ba. Ka sa kwanan wata da lokaci, da inda tsuntsun yake, da abin da yake yi, da ko shi kaɗai ne. Zane ko da mara kyau ne, da'ira biyu da baki da wutsiya da kibiyoyi masu nuna alamomi, ya fi dogon bayani.

Ana iya farawa ba tare da madubin hangen nesa mai ido biyu ba, amma idan za a saya, lambobin da ke jikinsa su ne abin dubawa. A 8x42, lamba ta farko tana nufin yana kusanto abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Sau 8 ya fi sau 10 dacewa da tsakar gida, saboda yana nuna fili mai faɗi kuma rawar hannu ba ta bayyana da yawa. Ka tabbata yana iya nuna abu sarai daga nisan mita 2 ko 3. Kafin amfani, ka rufe gilashin dama ka daidaita na hagu da abin murzawa na tsakiya, sannan ka rufe na hagu ka daidaita na dama da zoben da yawanci yake jikin idon dama, daga nan ba ka sake taɓa zoben. Idan ka hango tsuntsu, kada ka ɗauke ido daga kansa. Madubin za ka ɗago ya iske idonka.

Zaɓar littafi

Kafin ƙarni na 20, tabbatar da sunan tsuntsu yakan buƙaci a harbo shi a riƙe a hannu, littattafan da ake da su kuma an rubuta su ne don mai auna gawa a kan tebur. A 1934 wani mai zane ɗan Amurka, Roger Tory Peterson, ya fitar da ƙaramin littafi na tsuntsayen gabashin Amurka ta Arewa, inda ya jera masu kama da juna a shafi ɗaya suna fuskantar gefe ɗaya, ya kuma sa 'yan kibiyoyi masu nuna alamar da ke raba wannan da wancan daga nesa. Yawancin littattafan gane tsuntsaye na yau a kan wannan tsari suka ginu, kuma shi ne ma'aunin da za ka gwada kowane littafi da shi: shin yana gaya maka abin da ya raba wannan tsuntsu da mai kama da shi, ko kuwa yana siffanta shi ne kawai?

Sharaɗi na farko, wanda ba a sassauta shi, shi ne yanki. Littafin da aka yi don wata nahiya ba zai amfane ka ba komai kyawunsa, zai ma cutar da kai, domin za ka sami tsuntsu mai kama da naka ka ba shi sunan da ba nasa ba. Mazaunin Amurka ta Arewa yana da littafin David Sibley, wanda ya fara fitowa a 2000. Na Turai da arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya yana da Collins Bird Guide na 1999, wanda Lars Svensson ya jagoranci rubuta shi, Killian Mullarney da Dan Zetterström suka zana. Na yammacin Afirka yana da Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey, wanda ya fara fitowa a 2001 da nau'i sama da 1,200. Akwai kuma na Ian Sinclair da Peter Ryan na 2003 wanda ya haɗa dukkan Afirka kudu da Sahara, da nau'i sama da 2,000. A ra'ayina, idan akwai zaɓi tsakanin littafin nahiya da na ƙasa ɗaya ko yanki ƙarami, sabon ɗalibi ya ɗauki ƙaramin, domin kowane nau'in da ba ya zuwa yankinka ƙarin ruɗani ne kawai a shafi. Sai dai ƙanƙantar ta kasance ta yanki ce, ba ta cika ba. Littattafan nan masu nuna tsuntsaye hamsin ko ɗari "da aka fi gani" suna da daɗin farawa, amma ranar da baƙon da ba ya cikinsu ya zo, za su tilasta maka ka laƙaba masa sunan wani.

Sharaɗi na biyu shi ne zane ko hoto. Mutane da yawa suna ɗauka hoton kyamara ya fi gaskiya, amma hoto tsuntsu ɗaya ne, a rana ɗaya, a haske ɗaya, ya juya yadda ya ga dama. Mai zane kuwa yana duba tsuntsaye da yawa ya fitar da abin da ya haɗa su, ya jera namiji da mace da ƙarami da mai tashi a ma'auni ɗaya. Don haka babban littafinka ya zama na zane, hotuna kuma ka neme su daga baya don tabbatarwa.

Na uku shi ne tsarin shafi. Bayani da taswirar inda ake samun kowane tsuntsu su kasance suna fuskantar zanen, yadda buɗewa ɗaya za ta ba ka komai. Littafin da ya tara zane a tsakiya, bayani a gaba, taswira a baya, wahala ce da ba ta da dalili. Ka duba taswirar ko tana da girman da za ka gane inda kake, ko kuma launukanta sun bambanta mazaunin dindindin da mai zuwa hayayyafa da mai zuwa bayan hayayyafa da mai wucewa. Ma'anar launukan ta bambanta daga littafi zuwa littafi, don haka sai an karanta shafukan gabatarwa, waɗanda kusan kowa ke tsallakewa alhali a nan ne ake samun zanen sassan jikin tsuntsu da sunayensu. Ka duba kuma ko an faɗi yawan kowane nau'i, wato ko gama-gari ne ko ba kasafai ake ganinsa ba, da irin wurin da yake zama.

Gwajin da ya fi kowanne gaskiya shi ne ka nemi tsuntsaye uku da ka sani sarai a cikin littafin kafin ka saya. Idan kurciyar da ke shafi ta yi kama da wadda ke zuwa gidanka a tsayuwa da cikar ƙirji da laushin launi, za ka iya amincewa da mai zanen a kan waɗanda ba ka sani ba. Idan ta yi ja fiye da kima ko ta sandare kamar gunki, ka ajiye. Ka duba shekarar bugu, ka ɗauki na baya-bayan nan, domin binciken ƙwayoyin halitta yana sa a raba nau'i ɗaya gida biyu ko a sauya masa dangi. Ƙaramar kurciyar nan mai ɗigo a ƙirji tana Streptopelia senegalensis a tsofaffin littattafai, a sababbi da yawa kuma Spilopelia senegalensis. Duk da haka sunan kimiyya mai kalma biyu, tsarin da Carl Linnaeus ya kafa wa dabbobi a 1758, shi ne ya fi tabbata idan za ka haɗa bayanin littattafai biyu ko na harsuna biyu, don haka ka riƙa rubuta shi kusa da sunan da ka saba da shi. A ƙarshe ka auna nauyin littafin a hannu ka gwada ɗinkinsa, domin wanda ya yi nauyin ɗauka a kan shiryayye zai ƙare.

Manhajar waya ba ta maye gurbin littafi, amma mataimakiya ce mai kyau. Merlin, wadda sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell ta Amurka ya fitar a 2014, tana ba da shawara daga hoto ko daga 'yan tambayoyi, tun 2021 kuma tana sauraron murya. Ƙwarewarta ta fi ƙarfi a yankunan da aka tara mata bayanai da yawa, takan kuma yi kuskure da cikakken tabbaci, saboda haka abin da ta faɗa shawara ce da za ka kai gaban littafi da idonka. Shafin eBird, wanda aka fara a 2002, yana nuna nau'in da wasu suka gani kusa da kai a kowane wata, wannan kuwa yana taimakawa wajen sanin abin da ya kamata ka yi tsammani.

Yadda ake haɗa su a aikace

Littattafan an jera su ne bisa dangantaka, ba bisa launi ko haruffa ba, don haka ka ɓata 'yan maraice kana buɗe shafuka ba tare da neman komai ba, har hannunka ya san inda dangin kurciya suke da inda masu cin tsaba suke.

A ce wani tsuntsu ya sauka a ƙasa, ya taka yana gyaɗa kai, ya sha ruwa bai ɗago ba. Ka riga ka san danginsa, saura nau'i. Idan ya kai girman tattabara, da jar fata a kewayen ido da fararen ɗigo a fiffike, hasbiya ce. Idan ƙarami ne ƙwarai, da doguwar wutsiya mai tsini da jan fiffike idan ya tashi, bardo ne, kuma baƙar fuska tana nuna namiji ne. A nan ka lura cewa littafi zai ce tsawon bardo kimanin santimita 22 ne, kusan daidai da ƙaramar kurciya, alhali jikinsa bai fi na gwara da yawa ba. Dalili shi ne ana aunawa daga tsinin baki zuwa ƙarshen wutsiya, don haka doguwar wutsiya takan kumbura lamba. Idan matsakaici ne, sai ka dubi wuya: ɗigon baƙi da ja a gaban wuya ba tare da komai a ƙeya ba alamar ƙaramar kurciyar da aka ambata ce, baƙin rabin zobe a ƙeya kuwa ya kai ka ga rukunin nau'i da yawa masu kama da juna a Afirka da Turai da Asiya. A wannan rukuni sai ka fara cire waɗanda taswira ta ce ba sa yankinka, sannan ka dubi launin ido da na ƙarƙashin wutsiya, sannan ka jira ta yi kuka, domin murya ce ta fi raba su.

Kada ka tsaya a hoton farko da ya yi kama. Ka karanta bayanin dukkan maƙwabtansa a shafin, ka nemi alamu biyu ko uku da suka dace a tare. Idan bincike ya kai ka ga nau'in da littafi ya ce ba kasafai ake ganinsa ba ko ba ya yankinka, ka koma ka sake duba mace da ƙaramin nau'in da aka saba gani, domin mafi yawan lokuta a nan amsar take. Tsuntsun keji da ya kuɓuce ma yakan bayyana a gida, musamman dangin aku da ƙananan masu cin tsaba. Wanda ya gagara kuwa ka rubuta shi da sunan danginsa da alamar tambaya, ka bar shafin a buɗe. Ƙwararru ma haka suke yi, kuma tsuntsun da ya sami ruwa a gidanka yakan dawo.

Ruwan da za ka ajiye kada zurfinsa ya wuce santimita 5, ka sa dutse a ciki don ƙanana su sami wurin tsayawa, ka ajiye shi a fili inda kyanwa ba za ta laɓe ba amma kusa da reshen da za su gudu su hau. Ka zubar ka wanke farantin kowace rana ko bayan kwana biyu, saboda sauro yana ƙwai a ruwan da ya daɗe, kuma akwai cutar maƙogwaro da ke yaɗuwa tsakanin kurciyoyi da masu cin tsaba ta wurin shan ruwa mai datti. Idan ka ga tsuntsu ya kumbura gashi, ya kasa haɗiya, bai gudu ba da ka matso, ka ɗauke farantin na 'yan makonni har taron ya watse, sannan ka mayar.